WAI INA JIRAGEN DAKON KAYAN SOJA A KOGIN BINUWAI?

A cikin shekarar 2022 Rundunar Sojan Ruwa ta Nijeriya ta karɓi wani ƙaton jirgi mai suna NNS Kada, wanda kamfanin Damen ya ƙera mata a Sharja, can Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tsawonsa mita 100, aikinsa kuwa ɗaukar sojoji da motoci masu sulke da guzuri, ya kai su gaɓar teku ya buɗe baki ya sauke ko da babu tasha a wurin. An yi biki, an busa begila, manya sun ɗauki hotuna. Mu ba mu ƙi ba. Jiragen nan biyu, Ambe da Ofiom, waɗanda aka sayo daga Jamus a ƙarshen shekarun 1970, sun tsufa sun ajiye aiki, kuma duk wanda ya san irin jigilar da Ambe ya yi a Laberiya cikin 1990 ba zai ce kuɗin maye gurbinsa asara ba ne. Watanni kaɗan da isowarsa ma Kada ya kai wa sojojinmu kaya Gini Bisau. Madalla.

To, amma Kada na teku ne, har ya tsufa ba zai ga Jimeta ba. Tambayar da mutumin Demsawo, da na Jambutu, da na Rumde suke da hakkin yi wa Gwamnatin Tarayya ita ce: ina ƙananan 'yan'uwansa na kogi? Ga Binuwai nan kwance a ƙofar gida, kogi mai tsawon kilomita wajen 1,400, ya taso daga Kamaru ya ratsa Adamawa da Taraba, ya wuce Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Ga barikin soja a Yola, ga sansanin mayaƙan sama. A nuna mana jirgin dakon kaya guda ɗaya tak, na soja, wanda aka girke a bakin kogin Jimeta, mai iya ɗaukar babbar mota da lodinta ya ƙetare da ita ran da gada ta ƙi. Abin da idon talaka ke gani duk ran da ruwa ya yi ɓarna shi ne kwale-kwalen masunta da 'yan jiragen inji masu ɗaukar mutum goma, sai kuma alkawari. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abin takaicin shi ne waɗanda suka ci ƙasar nan da yaƙi sun fi mu sanin darajar kogin nan. A farkon watan Satumba na 1901 Kanar Morland ya iso Yola da sojoji fiye da ɗari uku, da igwa, da bindigogi masu ruwa. Da ƙafa suka zo? Ina! Jiragen ruwa masu tururi ne suka ɗauko su daga Lakwaja, su da abincinsu da albarusansu. Ba kuwa da ka suka zaɓi watan ba, sun jira kogi ya cika ya batse ne, yadda jirgi zai matso kusa da gari ya sauke su ba gajiyar tafiya a jikinsu. Lamiɗo Zubairu ya yi tsayuwar maza, har da igwogin nan biyu da Bafaranshen nan Mizon ya ba shi a farkon shekarun 1890, waɗanda su ma ta kogin suka iso. Duk da haka yini guda aka ci garin, Zubairu ya fita, Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Ba don mu yabi 'yan mulkin mallaka muka kawo wannan labari ba, Allah ya kiyaye. Mun kawo shi ne don a ga cewa a yaƙi, wanda ya iya kai kaya wurin da ake bukata a kan kari ya rigaya ya ci rabin nasara tun ba a harba bindiga ba.

Haka aka sake gani a Yaƙin Duniya na Farko. A ƙarshen watan Agusta na 1914 wata runduna ta tashi daga Yola ta fāɗa wa Jamusawa a Garwa, ta sha kashi, kwamandanta Maclear ya mutu a wurin. Ganuwar Jamusawa ta fi ƙarfin makaman da ke hannu. Sai Ingilishi suka ciro wata babbar igwa daga jirgin yaƙinsu mai suna Challenger, suka biyo da ita ta Kwara da Binuwai har Yola, da rani kuwa, lokacin da ruwa ya ja baya. Da aka girke ta, ita da wata ta Faransawa, aka yi ta ruwan wuta, ran 10 ga watan Yuni na 1915 Garwa ta miƙa wuya ga Kanar Cunliffe. A lura, a zamanin babu injin yasar kogi a nan, babu na'urar auna zurfi irin ta yau, sai gora da igiya da sanin matuƙa 'yan ƙasa.

Bayan yaƙi sai 'yan kasuwa suka gaji hanyar. Dattawan Jimeta suna iya ba da labarin jiragen kamfanin UAC da na John Holt, masu tasowa daga Burutu da Wari da damina, su kawo gishiri da siminti da mai, su koma da gyaɗa da auduga, wasunsu ma har Garwa. Da aka sami kuɗin man fetur aka shimfiɗa kwalta, sai muka juya wa kogi baya kamar wanda ya yi mana laifi.

Ga inda wannan sakaci ya kai mu. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, bayan Madagali da Michika, daga baya abin ya taɓa Hong da Gombi. Dubban bayin Allah suka kwararo Yola, aka cika sansanin Damare da na Malkohi, wasu a harabar cocin Saint Theresa, mafi yawa kuwa a gidajen mutane, don babu unguwar Jimeta da ba ta sauki baƙi ba. Yola da Jimeta suna kudu da kogi, fagen fama yana arewa. Ke nan duk sojan da ya tashi daga bariki, duk buhun shinkafa, duk tankar mai, duk mai gudun ceton rai, a kan gadar Jimeta ya bi. Gada guda! A shekarar kuwa an ga yadda aka fasa gadar Kudzum a kan hanyar Michika, mutane suka shekara da shekaru suna wahalar ƙetarewa. Da irin wannan ta sami gadar Jimeta, sai dai a zagaya ta Numan, a yi ta bulayi a kan hanyar da ko da lafiya direbobi kuka suke da ita. Allah ya tsare, amma tsarewar Allah ba ta zama dalilin da hafsoshi za su kwanta barci ba.

Ko a bar zancen abokan gaba, ruwa kaɗai ya isa. A 2012, bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a kan damina mai ƙarfi, ambaliya ta kashe mutum 363 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A watan Oktoba na wannan shekarar ruwa ya hau kan hanyar Lakwaja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, tireloli da tankoki suka yi kwanaki a jere, har man fetur ya yanke a babban birnin ƙasa. A watan Agusta na 2024 gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye, wadda kuwa ita ce hanyar da kayan kudu ke bi zuwa Yola, aka koma ƙetarar da mutane da motoci a jiragen fito na 'yan kasuwa, har aka yi asarar rayuka. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a ƙasar Fufore don ta tare ruwan Lagdo, tun Lagdo ɗin na sabuwa a 1982 ake zancenta, har yau tana kan takarda.

Mun san amsar da ma'aikatan ofis za su bayar, don mun sha jin ta. Za su ce Binuwai ya cike da yashi, wata uku ko huɗu kaɗai yake ɗaukar jirgi, saura duk tsibirai ne da shanu ke kiwo a kai. Gaskiya ne kogin ya cike, kuma da rani akwai wuraren da yaro zai taka ya wuce. To, amma waɗanne watanni ne uku ko huɗun? Daga Yuli zuwa Oktoba. Su ne kuwa daidai watannin da kwalta ke narkewa, gadoji ke karyewa, ƙauyukan fadama ke yankewa daga duniya. Wato lokacin da mota ta gaza shi ne lokacin da kogi ya fi ƙarfi. Wanda ya ce ba zai sayi laima ba don ba a ruwa da rani, ai ba ya son sayen ne kawai. Sa'an nan ba jirgi mai zurfin gindi muke nema ba. Akwai jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi, waɗanda ruwa iya ƙugu ya ishe su tafiya, masu ƙofa a gaba da ake saukewa a kan yashi mota ta hau. Akwai kuma irin waɗanda injiniyoyin soja ke harhaɗawa gunduwa-gunduwa, yau su zama jirgin fito, gobe a jera su su zama gada. Ba sabon abu ba ne a duniya, tun Yaƙin Duniya na Biyu ake aiki da su.

A yi lissafi mai sauƙi. Tirela mai tan 30 buhu 600 take ɗauka. Jirgin kogi matsakaici mai tan 300 ya ɗauke lodin tirela goma ke nan, buhu 6,000, da inji ɗaya ko biyu, ba shingen karɓar na goro, ba fashewar taya, ba ramin da zai kayar da shi. Magidancin Demsawo da ke sayen siminti ko takin zamani ko kwanon gishiri, kuɗin dizal ɗin tireloli goman nan ne yake biya ba tare da an gaya masa ba.

Wasu kuma za su ce wannan aikin 'yan kasuwa ne da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, soja me ya haɗa shi da dako? Wanda ya faɗi haka bai san soja ba. Kakanninmu da suka je yaƙin Burma sun ga yadda ake kai wa runduna abinci ta sama da ta ruwa a ƙasar da babu hanya, kuma a yaƙin ne Janar Slim ya sa injiniyoyinsa suka sare itatuwa a bakin kogin Chindwin suka ƙera ɗaruruwan jiragen dako, don ya san bindigar da ba ta da harsashi sanda ce. A Barazil sojan ruwa ne ke yawo da jiragen asibiti a kogin Amazon suna duba talakawan da likita bai taɓa taka garinsu ba. Ban da haka, wane ɗan kasuwa ne zai zuba dukiyarsa a kogin da ba mai tsaronsa? A Mali, ran 7 ga watan Satumba na 2023, 'yan bindiga suka buɗe wa jirgin fasinja mai suna Tombouctou wuta a kan kogin Kwara, farar hula aƙalla 49 suka mutu. Mai jari ya ji wannan labari. Sai ya ga jirgin soja na hawa da sauka, an auna zurfi, an kafa alamu, an san inda yashi ya koma bana, kana zai biyo baya.

Kada kuma a ce mana babu gwaninta ko babu kuɗi. Ma'aikatar ƙera jirage ta sojan ruwa da ke Legas ta ƙera NNS Andoni a 2012, da Karaduwa a 2016, da Oji a 2021, dukkansu jiragen sintiri na teku. Hannun da ya ƙera waɗannan, akwatin ƙarfe mai inji ne zai gagare shi? A 2021 rundunar ta sami sukunin kafa sansani a Jihar Kano, inda aka yi kwalejin koyon sarrafa kaya da guzuri a Dawakin Tofa. Ba mu yi wa Kanawa baƙin ciki ba, makaranta ko'ina aka gina ta alheri ce. Sai dai abin da ɗaure kai a ce ana koyar da dakon kayan sojan ruwa a kan tudu, alhali babban kogin Arewa maso Gabas yana nan ba jirgin da ɗaliban za su gwada karatunsu a kai.

Abin da muke tsoro shi ne a mai da wannan kuka hanyar cin kwangila. An yi haka a kogin Kwara. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yasar kogin daga Wari zuwa Baro, kilomita 572, a watan Janairu na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar Baro, aka kashe biliyoyin naira, shekaru suka shuɗe ba a ga jiragen kaya na zirga-zirga a wurin ba. An gina tasha kafin a tanadi jirgi da hanyar isa gare ta. A Binuwai a fara da jirgin. Biyu ko uku sun isa somawa, a girke su tsakanin Jimeta da Numan da matuƙansu da makanikansu, a riƙa gwada su kowace damina, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sanatocin Adamawa uku da 'yan Majalisar Wakilanta takwas suna zaune a Abuja lokacin da hafsoshin soja ke zuwa kare kasafin kuɗinsu kowace shekara. Muna jira mu ji wanda zai miƙe daga cikinsu ya tambayi Babban Hafsan Sojan Ruwa jirgi nawa ya ware wa Binuwai, da kuma watan da za su iso Jimeta.