Ƙannenmu masu shirin JAMB: mu yayye ne ke kashe musu gwiwa

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da muke Jami'ar Jos, akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa junanmu. Kusan kowannenmu yana da ƙane ko ƙanwa a gida da ke shirin JAMB. Kullum ƙorafinmu shi ne yaran yanzu ba sa son karatu, sai waya, sai ƙwallo. To amma me suke ji daga bakinmu?

Yaro ɗan shekara 16 yana zaune a majalisa a Unguwar Rogo ko Rikkos, yayansa mai digiri yana cewa boko yaudara ce, wai ga shi ya gama hidimar ƙasa yana zaman kashe wando. Gobe kuma shi wannan yayan ne zai daka masa tsawa ya tashi ya yi karatu. Don Allah da wane ƙarfin gwiwa? Yaron yana kallon sa'ansa da ke tuƙa keke daga Farin Gada zuwa Terminus, kullum da kuɗin kashewa a aljihu. Lissafi yake yi, ba lalaci ba ne.

Na san wani zai ce ai gaskiya ce, aikin yi ya yi wuya. Ban musa ba. Ni ma da nake mastas ina ganin halin da ake ciki. Amma asibiti ba ya ɗaukar nas sai da takarda, haka kotu, haka aji. In muka janye yaranmu daga layi, gobe ba mu da bakin cewa babu namu a wuraren nan.

Abu na biyu shi ne likita ko ba komai. Yaro ya fi ƙarfi a Gwamnati da Adabi, an tilasta masa Kimiyya don a kira shi dakta. Ya zauna sau biyu, sau uku, kuma sakamakon JAMB shekara ɗaya kawai yake aiki. A ƙarshe ya yanke cewa shi daƙiƙi ne, alhali hanyar ce ba tasa ba.

Mu duba alƙaluma. A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu matsalar na'ura a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake wa kusan 380,000 jarrabawar. Ke nan wanda ya ci 170 ba shi kaɗai ba ne, kuma bai cancanci a mai da shi abin gori a tsakar gida ba.

To me za mu yi? Na farko, kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, tambaya 180 cikin awa biyu: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, tsoro zai cinye masa lokaci kafin ya nutsu. Kai da kake da laftof don rubuta firojet, ba shi aronta awa ɗaya ranar Asabar.

Na biyu, a daina cewa "je ka yi karatu" kawai. A yanka masa aikin: tambayoyin shekarun baya guda 40 yau, a duba agogo, a yi makin tare. In ya tashi daga 15 zuwa 22, a yaba masa a gaban Mama. Yaro in ya ga yana gaba, da kansa zai nemi ƙari. A kuma rage wa 'yan mata aikin gida a watannin nan, don ba a haɗa wanke-wanken gida guda da Fiziks.

Na uku, a shigo da shi makaranta. Ka ɗauke shi wata rana zuwa Naraguta ko harabar Titin Bauchi, ya ga ɗakin lakca da laburare da idonsa. Gani ya kori ji.

Na huɗu, ya san ƙofa ba ɗaya ba ce. Akwai jami'ar jiha a Bokkos, akwai foliteknik a Barikin Ladi, akwai kwalejin ilimi a Gindiri, akwai IJMB. Wanda ya san yana da mafita ya fi shiga ɗakin jarrabawa da kwanciyar hankali.

Kowa ya ɗauki yaro ɗaya a bana, ko na gidansu ko na maƙwabta. Allah Ya ba ƙannenmu sa'a, Ya yi wa karatunsu albarka.