Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Uba Sani Kan Tsofaffin Damari Da Aka Sallamo Daga Asibiti

Mai girma Gwamna,



A ƙarshen Nuwamban 2024 ka zo Birnin Gwari, ka karɓi waɗanda suka ce sun ajiye makami, ka sake buɗe kara bayan ta shekara da shekaru a rufe. Mu mutanen gabashin masarauta, daga Damari zuwa Dogon Dawa da Kuyello, mun ga bambanci a kan hanya da kuma a gona. Ko sulhun zai ɗore ko ba zai ɗore ba, akwai masu wannan muhawara da yawa, ni ba ita ta kawo ni ba. Na zo ne da maganar tsofaffinmu waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin magani, amma kwanansu bai ƙare ba.

Ranka ya daɗe, ga yadda abin yake tafiya. Tsoho ya fara ramewa, ko fitsari ya riƙa tsaya masa, ko tsohuwa ta ɓoye ƙullutu a mama har ya fashe. 'Ya'ya su sayar da masara, in ba ta isa ba a haɗa da sa, a ɗauki shatar mota zuwa Zariya ko Kaduna. A yi hoto, a ɗebi jini, a kwana a barandar asibiti. Daga ƙarshe likita ya ja babban ɗa gefe ya ce: "Ku koma da Baba gida, ku ci gaba da addu'a." Ban ga laifin likitan ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai daga ranar hukuma ta cire hannunta, alhali ranar ce jinya mai wuya take farawa. Sankarar da ta shiga ƙashi ba ta barin mutum barci. Ƙauye guda kan ji nishinsa da tsakar dare. Abin da iyali ke iya samu shi ne farasitamol, sai allurar diklofenak da mai kemis zai yi ta dankara masa har ta taɓa ƙoda ko ta ci masa ciki.

Shekarun tashin hankali sun ƙara yawan irin waɗannan majinyata. A daminar 2022 Damari ta watse, jama'a suka gudu Zariya da garuruwan maƙwabta. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na suga ya yanke, kuma abin da ke biyo bayan haka sananne ne: shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda, gyambon ƙafa da ba ya warkewa. Cutar da za a iya tarewa da wuri ta samu shekaru tana cin jiki, domin zuwa asibiti a lokacin sayar da rai ne. Yanzu da hanya ta buɗe, da yawa sun isa gaban likita a makare.

Akwai reshen aikin lafiya da aka tanada domin wannan hali, wato jinyar rage raɗaɗi. Aikinta a kashe zafin ciwo, a sauƙaƙa numfashi, a tsayar da amai, a wanke gyambo, a kuma tallafi masu jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatarta kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. A 2014 babban taron hukumar ya amince cewa wajibi ne ƙasashe su sa ta cikin aikin lafiya tun daga matakin farko. Mu ma nan ba baƙuwa ba ce. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun kafa sashenta a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007, kuma a 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kanta. Takarda dai akwai. Damari ce ba ta ga komai ba.

Kada wani ya kawo maka zanen gini ya ce gidan jinyar masu ciwon ajali ne, irin wanda Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967. Ya dace da mutanensu. A nan ba wanda zai ɗauki mahaifiyarsa ya kai ta wani gida ta cika a hannun baƙi, kuma ko ya yi, gari ba zai bar shi ya manta ba. Tsohon Damari a ɗakinsa yake son ya cika, kusa da wanda zai laƙƙana masa kalmar shahada. Don haka kulawar ce za ta hau babur ta same shi.

Ƙasar da ta fi dacewa mu duba ita ce Yuganda. A 1993 Dakta Anne Merriman ta fara wannan aiki a Kampala da dabara mai sauƙi: a sayo garin mofin, a narka shi a ruwa, a sa masa launi gwargwadon ƙarfinsa, a zuba a kwalba. Majinyaci na sha ta baki duk bayan awa 4, tare da maganin da zai hana masa taurin bayan gida, domin mofin na ɗaure ciki. Babu allura, babu ƙarin ruwa, 'yarsa ma za ta iya auna masa. Da suka ga likitoci ba su kai ƙauye ba, a 2004 suka halatta wa nas-nas da aka horar su rubuta maganin da kansu, gwamnati kuma ta ɗauki kuɗinsa. Mu kuwa, binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2017 ya nuna abin da ke shigowa Najeriya na irin wannan magani bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatar majinyatanmu ba.

Na san abin da masu ba ka shawara kan tsaro za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce: a kai mofin bakin dajin da ƙwaya ta riga ta lalata? Mun ga abin da tiramadol ya yi wa matasa, mun san akwai shi a aljihun masu ɗauke da bindiga, mun kuma tuna dalilin da ya sa gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma a duba da kyau. Duk tsawon shekarun nan tiramadol bai taɓa yankewa a daji ba, kuma ba daga ɗakin maganin gwamnati yake fitowa ba, ta hanyar fasa-ƙwauri yake zuwa katan-katan. Tsauraran matakan da muka ɗauka, ɗan bindiga bai ji su a jikinsa ba. Tsohuwa mai sankarar mama ce ta ji. Ruwan mofin da ake ba majinyaci tsarmamme ne, kuma ana iya bin sawunsa: akwati mai kwaɗo a Babban Asibitin Jibril Mai Gwari, littafin shiga da fita, sa hannun mutum biyu, kwalbar kwana kaɗan ga kowane majinyaci da sunansa a jiki, in ya rasu a dawo da saura. A gayyato NDLEA da NAFDAC tun ranar farko su riƙa duba littafin. Ikon rubuta maganin yana ƙarƙashin dokar tarayya, wannan ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka shi ne likita a Birnin Gwari ya rubuta, nas ta kai, su riƙa magana ta waya idan ana son ƙari ko ragi.

Sai masu jinya, waɗanda ba a lissafa su a kowane kasafi. Kusan kullum mace ce: matar tsohon wadda ita ma ta manyanta, ko suruka, ko jikar da aka cire daga makaranta. Ita ke juya shi, ita ke wanke zane, ita ke kwana a zaune. Ba wanda ya taɓa nuna mata cewa juya majinyaci duk bayan awa 2 na hana gyambon kwanciya, ko yadda ake ba mai shanyewar jiki kunu ba tare da ya shaƙe ba, ko yadda ake kula da robar fitsari. Koyarwar yini guda ce. Ƙara mata safar hannu, ledar shimfiɗa, kunzugun manya da bandeji, ka rage mata rabin wahala. A jihar Kerala ta Indiya, maƙwabta 'yan sa-kai ne ke ɗauke da yawancin wannan aiki, nas na zagayawa a bayansu. Mu da muke da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini a kowace unguwa, da al'adar dubiya da ba ta mutu ba, mutanen suna nan, horo kawai suke jira.

Malamai ma da nasu rabon. Akwai masu ganin cewa neman sauƙin raɗaɗi rashin haƙuri ne da ƙaddara, akwai kuma masu tsoron maganin zai gusar da hankali a lokacin cikawa. In an auna shi daidai, yawanci akasin haka ake gani: wanda zafi ya sake shi ne ke iya sallah, ya faɗi bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya nuna iyakar gona, ya nemi gafarar ɗan'uwa. Rigimar gado nawa ta samo asali daga tsohon da azaba ta hana shi magana? Idan Mai martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya tara limaman Juma'a da ma'aikatan lafiya suka fahimci juna, huɗuba ɗaya za ta yi abin da allon talla ɗari ba zai yi ba.

Ranka ya daɗe, jihar nan ta daɗe tana alfahari da cibiyoyin lafiya 255, ɗaya a kowace mazaɓa. A fara da ta mazaɓar Kazage, inda Damari take. A tura nas ɗaya da ma'aikatan lafiyar al'umma biyu Asibitin Koyarwa na Shika su samu horo, a ba su babur da mai, a sa su rubuta sunan duk wanda ke kwance a gida a Damari da ƙauyukanta, su riƙa kai ziyara mako-mako. A umurci hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta sa ruwan mofin da kayan jinyar gida cikin abin da take biya wa tsofaffi marasa galihu. Bayan shekara guda a buɗe littafin a gaban jami'an tsaro da masarauta: majinyata nawa aka kai wa, kwalba nawa ta fita, nawa ta ɓace. In lissafin ya yi kyau, a faɗaɗa zuwa sauran mazaɓun Birnin Gwari da Giwa.

Ina roƙon ka umurci Ma'aikatar Lafiya ta sa wannan a kasafin kuɗin shekara mai zuwa, da layinsa na kansa.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Damari