TL1000S da TL1000R: injin guda, hali biyu

Masu karatu da ke bibiyar wannan fili sun san cewa ba kasafai ake tsayawa kan manyan babura na gudu ba, sabili da abin da ya cika titunan Maraɗi da Damagaram ƙanana ne, irin na kabu-kabu da na zuwa wurin aiki. To amma tsofaffin kayan Turai ba su daina sauka tashoshin ruwa na bakin teku ba, kuma ɗan kasuwa ko ma'aikacin da Allah ya hore wa, wata rana za a iya nuna masa hoton wani ƙaton babur a ce masa ga araha. Idan aka duba gefensa aka ga an rubuta Suzuki TL1000, to a dakata tukuna, a tambaya ko S ne ko R, domin harafin nan guda yana ɗauke da labari mai tsawo, kuma cikin labarin har da rayukan mutane.

Asalin maganar daga wajen tsere ta taso. Cikin shekarun 1990, dokar gasar duniya ta Superbike ta yarda wa babur mai silinda 2 ya kai cc 1000, alhali mai silinda 4 an tsayar da shi a cc 750. Kamfanin Ducati na Italiya ya ci moriyar wannan doka sosai. Ya fito da samfurin 916 a 1994, kuma Carl Fogarty, mutumin Ingila, ya ɗauki kambin duniya a kan Ducati cikin 1994 da 1995, ya sake a 1998 da 1999. Kamfanonin Japon, waɗanda suka saba da silinda 4 a jere, suka ga kasuwa da suna duk suna tafiya Italiya. Sai a 1997 Honda ta fito da VTR1000F, Suzuki kuma ta fito da TL1000S. Shekara guda bayan nan, a 1998, ƙanensa TL1000R ya biyo baya.

Injin da ke cikin su biyun tushensa ɗaya: cc 996, silinda 2 da aka buɗe kamar harafin V, tsakaninsu digiri 90, ruwa ke sanyaya shi, kowace silinda da bawul 4. Faɗin fistan milimita 98 ne, tafiyarsa sama da ƙasa milimita 66 kacal, wato fistan mai faɗi da gajerar tafiya, shi ya sa injin ke iya juyawa da sauri duk da girmansa. Amfanin digiri 90 ɗin shi ne motsin fistan guda yana kashe girgizar ɗayan, ba sai an ƙara wani ƙarfe na daidaita rawar injin ba. Babu karbirata a ciki. Na'ura ce ke fesa esansi bisa umarnin wata ƙaramar kwamfuta, abin da a wancan lokaci bai yawaita a babura ba. Suzuki ta ce S yana ba da ƙarfin doki 125, R kuma 135. Ko waɗanda suka fi kowa sukar waɗannan babura ba su taɓa raina injin ba. Shaida kuwa ita ce wasu kamfanoni sun saye shi sun sa cikin nasu: Cagiva a Raptor, Bimota a SB8R. Ita kanta Suzuki ta gina V-Strom 1000 a 2002 da SV1000 a 2003 bisa wannan tushe.

Matsalar ta fito ne daga tsawon injin. V mai digiri 90 yana cin wuri gaba da baya: silinda guda ta miƙe wajen tayar gaba, ɗayar ta tashi ƙarƙashin mazauni, daidai inda aka saba sa amortisar na baya. Su kuwa injiniyoyin Suzuki suna son babur gajere mai saurin juyawa a kwana, tsakanin tayoyinsa milimita 1415. Da suka rasa wuri, sai suka raba amortisar gida biyu. Rasor, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, aka kai shi gefe shi kaɗai. Abin da ke hana rasor ɗin yin ta tsalle kuma aka mai da shi wani ɗan gwangwani zagayayye, mai fukafukai a ciki da ke juyawa cikin mai. A takarda dabarar ta yi kyau. A kan hanya, man da ke cikin gwangwanin kaɗan ne, ga aikin da yake sha, ga zafin injin kusa da shi. Da an ɗan daɗe ana gudu sai man ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa, ya daina riƙe komai, bayan babur ya shiga lilo bisa rasor.

Sai a haɗa wannan da injin da ke ɗaga tayar gaba da zarar an murɗa masa mai da ƙarfi. Idan mai tuƙi ya fito daga kwana yana ƙara wuta a hanya mai gargada, tayar gaba ta rabu da ƙasa ta dawo a ɗan karkace, kan babur yakan fara kaɗawa dama da hagu da ƙarfin da hannun ɗan Adam ba ya iya tsayarwa. Cikin watannin farko na 1997 aka yi ta samun haɗurra, musamman a Ingila inda ƙananan hanyoyin karkara ba su da santsi, jaridun can kuma suka laƙaba wa S sunan da ma'anarsa ita ce mai sa mata takaba. A wannan shekarar Suzuki ta kira baburan da ta sayar, ta ɗaura musu wata ƴar sanda mai mai a ciki da ke rage saurin kaɗawar kai. Sandar ta yi amfani, amma ciwon yana baya aka ɗaure gaba. Gwangwanin bai canza ba har aka daina ƙera S a 2001.

Shi R an yi shi ne da niyyar tsere. An ba shi wani ƙashin jiki dabam, ƙarafa biyu masu kauri na alminiyom da suka rungumi injin, irin na GSX-R, maimakon saƙaƙƙen ƙashi na S. An rufe shi da roba tun daga hanci har ƙasa, hancin kuwa faffaɗa ne, har masu barkwanci na kamanta shi da bakin agwagwa. Kowace silinda ta sami bakin feshi 2, birkin gaba ya sami fistan 6 a kowane gefe inda S ke da 4, sandar riƙe kai kuma tun daga masana'anta ya fito da ita. Abin mamaki, gwangwanin nan da ya jawo wa wansa baƙin jini, shi ma an bar masa. Kuma duk wannan ƙari ya zo da nauyi: kilo 197 ba mai ba ruwa, alhali S kilo 187 ne. Babur na tsere da ya fi na yawo nauyi da kilo 10, ai tun nan an san da wuya a je ko'ina. An gwada shi a gasar Amurka a 1998, Suzuki ta koma wa GSX-R750, wanda Mat Mladin ya ci gasar da shi a 1999. Honda ce ta cimma abin da ake nema: Colin Edwards ya kayar da Ducati a gasar duniya ta 2000 da ta 2002 a kan V na Honda. A 2003 aka buɗe wa masu silinda 4 ƙofar cc 1000, dalilin ƙera R ya ƙare, a shekarar kuma aka rufe shi.

Idan aka ajiye tarihi aka koma kan sirdi, bambancin a fili yake. S ya fi sauƙin zama, ya fi tashi da wuri tun injin bai hau sosai ba, kuma rabin jikinsa a buɗe yake, makanike yana kai hannu ba sai ya kwance roba ba. R ya fi natsuwa idan gudu ya yi yawa, ƙarfinsa yana can sama, amma mai tuƙi a duƙe yake, nauyinsa bisa wuyan hannu, zafin injin kuma yana taruwa cikin rufin ya bugi ƙafafu. A ra'ayin wannan fili, S ne ya fi cancanta a kashe masa kuɗi, da sharaɗin a gyara bayansa. R abin kallo ne da ajiya ga mai sha'awar tarihin tsere.

Gyare-gyaren da masu waɗannan babura suka saba yi a Turai da Amurka sanannu ne, sai dai mutane da yawa suna fara su daga wutsiya. Abin da ya fi jan ido shi ne salansa, irin ta Yoshimura da makamantanta, domin tana rage nauyi kuma tana fito da rugugin nan na V da ake ji daga nesa. Amma wanda ya sake salansa ya canza yadda injin ke numfashi, dole ya daidaita feshin mai, kuma a nan ne ake sa akwatin Power Commander na kamfanin Dynojet, wanda ke shiga tsakanin kwamfuta da bakin feshi. In ba haka ba, ƙara ta ƙaru, tafiya ta lalace. Kuma ko an yi duka daidai, an ƙara wa babur abin da ba ya rasa ne.

Kuɗin farko na gwangwani ne. Kamfanoni irin su Öhlins na Suwed, da Maxton na Ingila, da Bitubo na Italiya sun ƙera amortisar na al'ada da ke maye gurbinsa, wasu masu hannu kuma kan ɗauko na Yamaha R1 su ƙera masa mazauni. Wannan hanya ta biyu ta fi araha, amma ƙarfen da aka yanka aka yi wa walda a nan shi ke ɗauke da bayan babur gaba ɗaya, ba aikin kowane mai walda na bakin kasuwa ba ne. Da an sake amortisar, tayar baya takan zauna ƙasa, gaban ma ya natsu, har sandar riƙe kai ta koma abin ko-ta-kwana. Kada dai a cire ta. Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko dala: sarƙa. Idan an ɗaure ta tamau, tana hana bayan babur motsi yadda ya kamata, ta ƙara wa ciwon ƙarfi. A bar mata sassaucin da littafin babur ya faɗa, a auna da mutum zaune a kai.

Bayan wannan sai birki. Bututun roba da ya shekara 20 yana kumbura idan an matsa, shi ya sa ake sa masu saƙar ƙarfe a jiki. Birkin R mai fistan 6 yana da kyau a ido, amma ƙananan fistan ɗinsa suna saurin cijewa idan datti ya shiga, kuma ba ƴan kaɗan ba ne suka cire shi suka koma mai 4. Wanda ya san ƙurar hunturu a Tawa zai gane me wannan ke nufi a nan. Wasu kan rage faɗin tayar baya daga 190 zuwa 180 domin babur ya fi saurin kwanciya a kwana, wasu su ɗauko ƙafafun gaba na GSX-R su sa. Waɗannan na masu neman ƙari ne, ba dole ba.

Mai niyyar saye ya tuna cewa mafi ƙuruciya cikin waɗannan babura ya haura shekara 20. A duba ko S na 1997 yana da sandarsa. A haska tocila inda gwangwanin ke ɗaure da ƙashin jiki, domin an sha samun tsagewa a wurin, kuma sabon fenti a nan abin tambaya ne. A karanta lambobi 4 na ƙarshe da ke gefen taya bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, taya mai zane cikakke amma ta shekara 10 ta riga ta bushe. Dillali zai yi maganar ƙarfin doki, mai saye ya yi maganar kayan gyara, sabili da roba guda ta gefen R idan ta fashe, sai an nemo ta hannu daga Turai, ga kuɗin jirgi ga na duwan.

Sannan ga ƙasar kanta. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 ba abokin gwangwanin da ya kasa a sanyin Ingila ba ne. Famfon esansi da matatarsa cikin tanki suke, bakin feshi kuma ramukansa ƙanana ne ƙwarai. Man kwalba na bakin hanya, wanda ƙaramin babur mai karbirata ke haɗiyewa ba gardama, yana iya tsayar da wannan cikin daji, inda babu makaniken da ya taɓa buɗe irinsa. Tankin lita 17 ne. In aka ƙaddara yana shan lita 7 a kilomita 100, lissafi ya tsaya wajen kilomita 240, kusan tsawon hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ke nan, ba tare da rarar komai ba. Cikinsa kusa da ƙasa yake, tudun rage gudu na ƙauyukan da ke kan babbar hanya zai riƙa gaisawa da salansa, jar hanya kuwa ba a ma maganarta. Wanda injin ne ya shiga ransa, V-Strom 1000 yana ɗauke da jininsa, da dogayen ƙafafu, da tayar gaba mai inci 19, da tanki na lita 22, da amortisar irin wanda kowa ya sani.