Gasar Ironman a Hawai: Kuɗin shiga ba ya sayen tsibiri

Idan watan Oktoba ya kama, ƙaramin garin Kailua-Kona da ke yammacin babban tsibirin Hawai, a tsakiyar Tekun Fasifik, yakan cika ya batse da baƙi. Suna sauka daga jirgi da kekuna a cikin manyan akwatuna, da takalman gudu, da tabarau na ninƙaya. Abin da ya kawo su shi ne gasar Ironman ta duniya, wadda ta fi kowacce suna a cikin gasannin da ake haɗa wasanni uku a jere: ninƙayar kilomita 3.8 a teku, tseren keke na kilomita 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42.2. Duk a rana ɗaya, kuma dole a kammala cikin awa 17.

Ba kowa ke samun shiga ba. Yawanci sai mutum ya yi fice a wata gasar share fage a wani wuri kafin a ba shi gurbi, sannan ya biya kuɗin rajista da ya haura dala 1,000, ban da tikitin jirgi da masauki. Wanda ya sha wannan wahala yana iya jin cewa tsibirin nasa ne na mako guda. A nan kuskuren yake. Filin da ake wannan wasa gidan wasu ne, mutane da dabbobi, kuma su ya kamata a fara dubawa kafin a yanke adadin waɗanda za su shiga da yadda za su yi zamansu.

Daga mutum 15 zuwa dubbai

An fara gasar ne ranar 18 ga Fabrairun 1978 a tsibirin Oahu. Mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya a cikin awa 11 da minti 46. A 1981 aka mayar da ita Kona, inda cunkoson motoci bai kai na Honolulu ba. Tun daga nan hanyar ta zama abin sani ga masoya wasan: a yi ninƙaya a gaɓar Kailua, a hau keke a bi babban titin Sarauniya Ka'ahumanu ta cikin baƙin dutsen da aman wuta ya bari har garin Hawi a juyo, sannan a ƙare gudu a titin Ali'i.

Wurin da ake shiga ruwan yana daf da Kamakahonu, inda Sarki Kamehameha na Ɗaya, wanda ya haɗa tsibiran Hawai a ƙarƙashin sarauta guda, ya yi shekarunsa na ƙarshe har ya rasu a 1819. Wurin ibadar gargajiya na Ahu'ena yana nan a gefen. Ga baƙo, nan ne bakin layin tashi. Ga ɗan asalin Hawai kuwa, wuri ne mai alfarma.

Masu gida na cikin ruwa

Mutane suna zaɓar irin wannan gasa ne saboda abin da za su gani. Ruwan Kona garai-garai yake, har mai ninƙaya yana hangen murjani da kifaye masu launi a ƙarƙashinsa. Kunkurun teku, wanda mutanen wurin ke kira honu, yana kiwo a bakin gaɓa. Dabbobin dolfin kuma sukan shigo gaɓar garke-garke da safe, daidai lokacin da 'yan wasa ke atisayen ninƙaya a kwanakin da ke gaban gasar.

Abin da yawancin baƙi ba su sani ba shi ne dalilin zuwan dolfin ɗin. Da dare suke farauta a can cikin teku mai zurfi, da rana sai su dawo gaɓa mai kwanciyar ruwa su huta. Mutumin da ya bi su da kyamara yana ganin wasa suke yi da shi, alhali barci ya hana su. Idan aka maimaita haka kullum, dabbar takan koma farauta da gajiya, ta kasa kula da 'ya'yanta yadda ya kamata. Shi ya sa tun watan Oktoban 2021 dokar tarayyar Amurka ta haramta kusantar wannan nau'in dolfin na Hawai ƙasa da yadi 50, wato kimanin mita 45. Dokar kuma ba ta takarda kawai ba ce. A watan Maris na 2023 jami'an kare muhalli sun ɗauki hoton wasu masu ninƙaya 33 da jirgi maras matuƙi suna bin garken dolfin a gaɓar Honaunau, kudu da Kailua, suka miƙa batunsu ga hukumomin tarayya. Ba a makon gasa abin ya faru ba, amma ruwan ɗaya ne, sha'awar ma ɗaya ce.

Kunkurun shi ma yana da tarihinsa. A da ana kama shi ana ci har ya yi ƙaranci. A 1978, shekarar da aka fara Ironman, aka saka shi cikin dokar kare halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, daga nan adadinsa ya farfaɗo. Hukumomi suna ba da shawarar a bar masa tazarar aƙalla mita 3, a ruwa ko a tudu.

Abin da baƙo ke shigowa da shi

Tsibiri ba kamar babban yanki ba ne. Halittunsa sun rayu dubban shekaru a keɓe, ba su saba da abokan gaba na waje ba, don haka ƙaramin abu yakan yi musu babbar ɓarna. A 1883 masu gonakin rake suka shigo da tunku don ya cinye ɓeraye, sai ya koma kan ƙwai da 'yan tsakin tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Sauro ya shigo ta jiragen ruwa a ƙarni na 19, daga baya ya yaɗa zazzaɓin tsuntsaye. Nene, wata irin dinya da ita ce tsuntsuwar jihar, ta taɓa raguwa zuwa kimanin guda 30 a shekarun 1950 kafin a ceto ta. A watan Oktoban 2023 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta ayyana nau'in halittu 21 a matsayin waɗanda suka ƙare baki ɗaya. Takwas daga ciki tsuntsayen Hawai ne.

Yau barazanar tana iya zuwa a tafin takalmi. Akwai wata cutar fangas da ke kashe bishiyar ohia, wadda ita ce ginshiƙin dazuzzukan tsibirin, kuma ta riga ta kashe bishiyoyi sama da miliyan ɗaya. Tana iya yaɗuwa ta ƙasar da ta manne a takalmi ko taya. Ɗan wasan da ya gama gasa ya shiga daji yawon buɗe ido, sannan ya wuce wani tsibiri da takalmin bai wanke ba, yana iya ɗaukar ta bai sani ba.

Haka batun man shafawa na kariya daga rana. Tun ranar 1 ga Janairun 2021 jihar Hawai ta hana sayar da wanda ke ɗauke da wasu sinadarai biyu da bincike ya danganta da lalacewar murjani. Daga Disambar 2022 hukumar babban tsibirin ta ƙara tsaurarawa, ta taƙaita sayarwa ga wanda aka yi da ma'adinai kawai. Amma dokar ta shafi mai shago ne. Wanda ya zo da nasa a jaka daga wata ƙasa, babu mai hana shi shafawa ya faɗa ruwa sai lamirinsa. Idan mutum dubu biyu suka yi haka a gaɓa guda, a mako guda, lissafin ya sauya.

Darasin 2022

Mutanen garin ma suna da iyakar abin da za su iya ɗauka, kuma an ga wannan iyaka a 2022. Annobar korona ta hana yin gasar a Kona a 2020 da 2021, waɗanda suka samu gurbi suka taru suka yi yawa. Sai aka raba gasar kwana biyu, Alhamis 6 da Asabar 8 ga Oktoba, da 'yan wasa kimanin 5,000, ban da iyalai da masu rakiya. Garin da mazaunansa ba su wuce kimanin 20,000 ba ya cushe.

Titin da ake rufewa don tseren keke shi ne babbar hanyar da ta haɗa garin da filin jirgin sama da otal-otal na arewa, inda mutane da yawa ke aiki. Rufe shi ranar Asabar abu ne da aka saba haƙuri da shi. Rufe shi ranar Alhamis, ranar aiki, wani abu ne dabam. Ga dubban 'yan sa-kai masu miƙa ruwa da tsare hanya, waɗanda aka nemi su fito sau biyu. Ƙorafi ya yi yawa, hukumar tsibirin ta nuna cewa kwana biyu ba zai sake yiwuwa ba.

Daga 2023 aka raba gasar tsakanin Kona da birnin Nis na Faransa, maza a wuri ɗaya mata a ɗayan, ana musanya kowace shekara. A 2025 kuma masu shiryawa suka sanar cewa daga 2026 za a mayar da maza da mata Kona, a rana guda. Wannan komawa ita ce gwaji na gaba. Rana ɗaya tana rage rufe hanya, amma ba ta rage yawan ƙafafun da ke shiga ruwa idan aka ci gaba da ƙara gurabe.

Masu cewa gasar alheri ce

Suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Makon gasa yana cika otal, gidajen abinci, shagunan gyaran keke da gonakin gahawar Kona da ciniki. Akwai iyalan da ke jiran wannan mako kamar yadda manomi ke jiran kaka. Mutumin da ya taɓa yin ninƙaya kusa da kunkuru kuma yakan koma gida da ƙaunar teku da ba zai samu a littafi ba.

Akwai ma masu cewa ana ɗora wa 'yan wasa laifin da ya fi ƙarfinsu. Abin da ya kashe kusan rabin murjanin yammacin tsibirin a 2015 ɗumamar ruwan teku ce, ba man shafawa ba. Gaskiya ne. Sai dai wannan hujja tana da kaifi biyu, domin Hawai tana da nisan kimanin kilomita 3,800 daga gaɓar Kalifoniya, kuma kusan duk mai zuwa gasar a jirgin sama yake zuwa, wasu daga Turai ko Ostireliya. Hayaƙin wannan tafiya yana cikin abin da ke ɗumama ruwan. Murjanin da zafi ya riga ya raunana shi ne kuma ya fi buƙatar a rage masa sauran nauyi.

Jihar da kanta ta fara amsa wannan tambaya. A watan Mayun 2025 Gwamna Josh Green ya sa hannu kan dokar da ta ƙara kashi 0.75 cikin ɗari a harajin masaukin baƙi daga farkon 2026, don a kashe kuɗin kan kare muhalli. Ma'anarta a fili take: wanda ya zo cin moriyar wuri ya sa hannu wajen riƙe shi.

Mita 12 da mita 45

'Yan wasan Ironman mutane ne masu bin ƙa'ida. A kan keke, dokar gasa ta hana ɗan wasa na gama-gari ya raɓi bayan wani ƙasa da mita 12 don kada ya ci moriyar iskar da na gaba ya keta. Wanda ya saɓa, alƙali zai ɗaga masa kati, ya tsaya a tanti yana kallon mintunansa suna tafiya. Yar da shara da gangan a wajen wuraren da aka keɓe shi ma yana da hukunci. Mutumin da ke iya auna mita 12 da ido yana tsala gudu a kan keke ba zai ce ya kasa auna mita 3 daga kunkuru ko mita 45 daga dolfin ba.

Saboda haka abin da ya dace shi ne dokokin kare dabbobi su shiga cikin dokokin gasa, da hukuncin da ɗan wasa ke tsoro. Wanda aka kama yana bin dolfin a makon atisaye ya rasa gurbinsa. A raba man shafawar da aka amince da shi a wurin rajista. A yanke adadin masu shiga tare da hukumar tsibirin da mazauna garin, a bayyana shi a fili, kada ya zama kamfanin da ke sayar da gurabe shi kaɗai ke faɗin nawa ne ya isa.

Gasar ta taɓa nuna cewa tana iya gyara kanta. A 1998 wasu suka fara wani ɗan gudu na barkwanci da kamfai a makon gasa, don su yi wa takwarorinsu shaguɓe kan yadda suke shiga shaguna da gidajen abinci da kayan ninƙaya ba tare da kunyar mutanen gari ba. Yau gudun ya zama al'ada, ana tara kuɗin taimako da shi ga ƙungiyoyin yankin.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Da tsakar daren Asabar za a kashe fitilun bakin layin ƙarshe, kafin mako ya zagayo akwatunan kekuna sun koma jirgi. Washegari da safe dolfin za su dawo gaɓar Kailua neman wurin barci, ma'aikacin otal kuma zai sake hawa titin Sarauniya Ka'ahumanu zuwa aiki. Halin da aka bar su a ciki shi ne zai nuna ko tsibirin zai sake buɗe ƙofa badi da fara'a.