Muna Shan Nonon, Muna Ƙin Mai Ƙwaryar

Jama'a, a 1810 wani ɗan Indiya, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan. A 2001 sai ga ministan harkokin wajen Birtaniya, Robin Cook, yana kiran naman kaza cikin miyar Indiyawa abincin ƙasarsu. Amma masu girkin nan, galibi 'yan Bangaladash, sun daɗe suna shan zagin wariyar launin fata daga bakin waɗanda suka ƙoshi a shagunansu.

Kafin mu yi wa Turawa dariya, mu dubi gida. Ni na tashi ina ganin matan Fulani suna shigowa kasuwannin Sabon Birni da Isa da ƙwarya bisa kai, mu da gerommu, su da nononsu, a dama hura a sha. Yau har gobe muna son nonon, amma mai ƙwaryar ta zama abin zargi.

Tsakani da Allah, 'yan bindiga sun zalunce mu. Sun kashe muna 'yan'uwa, sun hana noma, sun ɗora wa ƙauyuka haraji. Dole hukuma ta hukunta su. Sai dai wagga baiwar Allah mai tallan nono ba ita ta ɗauki bindiga ba, ita ma sau da yawa an kore mata shanu.

In muka rufe mata kasuwa, wa muka taimaka? Ɗan bindiga, wanda ke cin ribar rabuwar kanmu. Mu ƙi azzalumi, kada mu ƙi ƙabila.