"Ai Ta Ɗauru" Ba Amsa Ba Ce

Wannan makon gareji muka nufa, domin akwai maganar da ta ishe mu. Ka kai mota juye, yaron gareji ya ruga ya sayo filtar mai, ka ga ba tsawonsu ɗaya da wadda aka cire ba. Ka yi magana, sai ogan ya ce, "Alhaji, ai ta ɗauru, duk ɗaya ne." Mu kuma mu yi shiru don kada a ce mun cika ƙorafi, alhali inji ne a kan faifai.

Mu ɗauki Toyota, tunda ita ta cika titunanmu. Corolla mai injin 1.8 ta 2003 zuwa 2008 gajeriyar filta take sha, mai lamba 90915-YZZF2. Camry mai 2.4 ta wancan zamanin tana shan 90915-YZZF1, wadda ta ɗan fi ta tsawo. Zarensu ɗaya ne, 3/4-16, robar bakinsu ma ta yi daidai, don haka wanda ya sa doguwar a Corolla bai yi laifi ba, muddin akwai wurin da za ta zauna ba ta gogar komai. Abin da ya samu shi ne ƙarin takardar tacewa a ciki. Abin da ya hau kansa kuma shi ne ya sake duba sandar mai bayan an tayar da inji, don doguwa tana ɗan ƙara shan mai.

Amma masu cewa "babba ta fi" su ma mu ja musu kunne. Girman gwangwani ba ya mayar da tsohon baƙin mai sabo. Mun ga masu sa doguwar filta su ƙara wata biyu a kan lokacin juye, wai sun yi dabara. Mai yana gajiya da zafi da ƙurar hunturu da tsayuwar cunkoso, ko da wace filta aka ɗaura masa.

Inda muka fi jin haushi shi ne zare. Yawancin motocin Honda da Hyundai zaren M20x1.5 gare su, wato faɗin milimita 20. Na Toyota ɗin nan inci uku bisa huɗu ne, milimita 19 da ɗan ɗoriya. Tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba. Saboda haka filtar Honda tana iya hawa kan Toyota ta yi ta juyawa har ta tsaya, a hannu ka ji kamar ta kama. Haƙoran zaren kuwa da ƙyar suka riƙe juna. Ranar da aka taka mota a hanyar Zariya, ƙarfin mai ya tashi, tana iya sakin jiki ta zubar da man a kwalta. Kafin direba ya lura da jar wutar mai ya samu gefen tsayawa, inji ya buga. Wa zai biya? Ba mai cewa "ta ɗauru" ba dai.

A cikin gwangwanin ma akwai abin da ido ba ya gani. Akwai bawul da ke buɗewa idan takarda ta toshe, don mai ya wuce ko ba a tace ba, kada inji ya bushe, kuma kowane inji da ƙarfin da aka tsara masa ya buɗe a kai. Akwai wata roba da ke hana mai tsiyayewa idan mota ta kwana. In ba ta da kyau, shi ne wannan ƙarar da kake ji da asuba na 'yan daƙiƙoƙi, ka ɗauka sanyi ne.

Za a ce bakanike ya fi mu sani. Gaskiya ne, mu ma ba mu musa ba, da yawansu da ido suke gane zare. Sai dai ba shi yake zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka ba, yaronsa yake aikawa, a ba shi abin da ke kusa, wani lokacin ma jabu a cikin kwali mai lambar gaskiya. Laifinmu a nan shi ne muna riƙe lambar ciniki a ka, ba ma riƙe lambar filta.

Don haka a juye na gaba, kafin a jefar da tsohuwar, mu ɗauki hoton lambarta, mu gwada da littafin motar idan ya zo da ita. A kifa sabuwa da tsohuwa baki da baki a ga ko robobin sun haɗu. In ogan ya ɓata rai, ya ɓata.