Allon lauya ya tashi daga ƙofa ya shiga waya

Shekaru da dama, a ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Turawa, abin da aka yarje wa lauya na sanar da kansa bai wuce ɗan allon tagulla ba, wanda ake kafawa a bakin ƙofar ofis, ɗauke da sunansa da aikinsa. Ba ya sa talla a jarida, ba ya aika ɗan kamasho ya jawo masa mutane. Hujjar magabata ita ce shari'a ba haja ba ce da za a baza a rumfa, kuma wanda ya fito neman lauya yana cikin damuwa, ba shi da natsuwar da zai rarrabe gaskiyar mai talla da ƙaryarsa. A yau ofisoshin lauyoyi suna da shafuna a intanet, suna rubutu a Facebook, suna amsa tambayoyi ta WhatsApp. Lokacin hana su ya wuce. Abin da ya rage shi ne a tsai da iyakar abin da za su faɗa, a kuma san wanda zai sa ido.

Amurka ce ta fara buɗe wannan ƙofa, kuma labarin yadda ta buɗe ta ya cancanci a ji shi. Tun 1908 ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta haramta talla. A 1974 wasu samarin lauyoyi biyu, John Bates da Van O'Steen, suka buɗe ofis a birnin Finiks na jihar Arizona domin masu ƙaramin ƙarfi, watau waɗanda talaucinsu bai kai a ba su lauya kyauta ba, kuma aljihunsu bai kai na manyan ofisoshi ba. Da yake farashinsu ƙasa-ƙasa ne, ofishin ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai da mutane masu yawa, mutane kuwa ba su san da shi ba. Sabo da haka a watan Fabrairu na 1976 suka buga talla a jaridar Arizona Republic, suka jera farashi: raba aure idan miji da mata sun amince, dala 175; canza suna, dala 95 (dalar Amurka ke nan, ba dalar kasuwar Maraɗi ba). Ƙungiyar lauyoyin jihar ta gurfanar da su, magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma ran 27 ga watan Yuni na 1977 alƙalai 5 suka rinjayi 4: ba a hana lauya faɗin gaskiya game da aikinsa da farashinsa, domin jama'a suna da haƙƙin su sani.

Shekara ɗaya bayan haka kotun nan ta nuna inda ƙofar ta tsaya. Wani lauya a jihar Ohayo ya bi wata yarinya mai shekara 18 har gadon asibiti, bayan ta yi hatsarin mota, domin ta ba shi shari'arta. A 1978 kotu ta tabbatar da horon da aka yi masa. Sanarwar da mutum zai karanta ya yi shawara da danginsa daban take da farautar wanda ke kwance cikin ciwo.

Da intanet ya zo, sai ya zamana lauyoyi ne suka fara nuna wa duniya muninsa, kuma daga jihar Arizona ɗin dai. Ran 12 ga watan Afrilu na 1994 wani lauya da matarsa, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa saƙo guda zuwa zaurukan tattaunawa fiye da 5,000 a lokaci ɗaya, suna tallan taimaka wa baƙi shiga ƙuri'ar samun takardar zama a Amurka. Shiga ƙuri'ar kuwa a lokacin kyauta ne, wasiƙa kawai ake aikawa. A 1997 jihar Tenesi ta cire sunan Canter daga jerin lauyoyi, kuma tallan nan yana cikin dalilan.

A halin yanzu dabarar ta fi haka laushi, shi ya sa ta fi wuyar ganewa. Idan mutum ya rubuta matsalarsa a Google, sunayen da ke fara fitowa sau da yawa na masu talla ne, waɗanda suka yi gwanjon kalmar da ya rubuta, suna biyan kuɗi duk lokacin da aka taɓa sunansu. A Amurka kalmomin da suka shafi lauyoyin hatsari da diyya suna cikin mafi tsada a wannan gwanjo. Mai nema yana zaton wanda ke sama shi ne gwani, alhali matsayin saye aka yi, kuma kuɗin tallan daga jikin masu shari'a zai fito.

Faransa, wadda tsarin aikin lauya a Nijar ya samo asali daga nata, ta daɗe tana jan ƙafa. Sai da dokar 17 ga watan Maris na 2014, da dokar zartarwa ta 28 ga watan Oktoba na shekarar, aka yarje wa lauya ya aika wa mutum tayin aiki ta wasiƙa ko ta saƙon imel. Amma an ɗaure abin da sharuɗɗa. Bayanin ya zama na gaskiya. Kada ya kwatanta kansa da wani lauya ko ya kushe shi. Tayin ya bayyana yadda za a ƙayyade kuɗin aiki. Gajeren saƙon waya kuma an hana. Wanda ya buɗe shafi sai ya sanar da majalisar ƙungiyar lauyoyi, kuma adireshin shafin dole ya ɗauki sunansa ko na ofishinsa, domin kada mutum ɗaya ya mallake suna irin «lauyan saki» kamar shi kaɗai ke aikin. Sunayen waɗanda ya yi wa aiki suna cikin sirrin sana'a, ba kayan ado ba ne na shafi.

A Nijar, dokar 2004 da ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta watan Satumba na 2014 su ne ginshiƙan aikin lauya, kuma ƙungiyar lauyoyi, ƙarƙashin shugabanta, ita ke da alhakin ladabtar da ƴaƴanta. Sai dai ciwon ƙasar nan ya bambanta da na Amurka. Can yawan lauyoyi ne ya sa suke rige-rigen mutane. Nan galibin ofisoshi a Yamai suke, kuma manomin da ake jayayya da shi kan gona a karkarar Damagaram ko Tawa yana iya tsufa bai taɓa ganin lauya ido da ido ba. Ga irin wannan mutum, shirun lauyoyi ma cuta ne, domin gurbin da suka bari ba ya zama fanko: masu shawagi a harabar kotu ne ke cika shi, masu cewa sun san wane, a kawo kaza a ga aiki. Irin waɗannan ba su da ƙungiyar da za ta hore su, kuma buɗe shafi da hoton baƙar riga bai fi aikin minti biyar ba.

Don haka aiki na farko yana wuyan ƙungiyar lauyoyi. Jerin sunayen lauyoyin da aka rantsar, da adireshin kowane da lambar ofishinsa, ya kamata ya zama abin da mai ƙaramar waya zai duba cikin sauƙi kafin ya tura wa kowa ko dala. Kuma a riƙa sabunta shi, domin jerin da ya kwana biyu yana wanke wanda aka riga aka kora.

Na biyu ya shafi abin da lauya zai rubuta. Ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ce lauya yana iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, a ofishin ƴan sanda ko na jandarma, ba sai an kai gaban alƙali ba. Tun 2011 doka ta kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa hali a harkar shari'a. Mutum nawa ne a kasuwar Tasawa suka san waɗannan abubuwa biyu? Ofishin da ya bayyana su dalla-dalla, ya ƙara da wa'adin ɗaukaka ƙara, da takardun da ake buƙata wajen rabon gado, da yadda yake lissafin kuɗin aikinsa, ya yi wa kansa tallan da babu mai zarginsa a kai. Amma bayanin da aka yi da faransancin kotu bai fita daga Yamai ba, ko da yana intanet. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma dubban waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci suna karanta ta. Wanda bai iya karatu ba kuma yana sauraron saƙon murya. Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci su ma suna da masu jiran bayani.

Akwai abubuwa biyu da bai kamata a yi sassauci a kansu ba. Ɗaya shi ne alkawarin nasara. Hukunci a hannun alƙali yake, kuma lauyan da ya rubuta cewa shari'a ba ta faɗuwa a hannunsa, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma yana nuni da wata hanya wadda ta fi ƙaryar muni. Ɗayan shi ne tona asirin mai shari'a da sunan ba da misali. A babban birni ana iya sakaya suna labari ya ɓace cikin jama'a, amma a Madawa ko Mirriya, da an ce «wata bazawara mai gida kusa da tasha», unguwa duka ta gane ta, kuma abin da ya shiga waya ba ya gogewa. Wanda ya aikata ɗaya daga cikin biyun, majalisar ladabtarwa ta kira shi kamar yadda za ta kira wanda ya ci kuɗin amana, kuma idan an yanke masa horo, a rubuta shi a gaban sunansa cikin jerin da jama'a ke dubawa.